Fiza a Yerwa, da alkawarin da ya kusa fin ƙarfin mai shi

Duk wanda ya zauna a Maiduguri cikin shekaru goman nan ya san akwai abubuwan da ake kira "na 'yan NGO". Farar Hilux mai doguwar eriya, gidan haya a GRA mai waya mai ƙaya a kan katanga, jakar goyo da katin shaida rataye a wuya, sai kuma fiza. A allon shago Pizza suke rubutawa, amma bakinmu fiza yake faɗa, don haka fiza zan rubuta, wanda abin bai yi wa daɗi ba ya yi haƙuri. Ɗalibi yana ganin hotonta a waya, yana wucewa ta gaban shagon a keke napep, amma ba ya saka ta a lissafin wata. Lissafinmu a Unimaid ai sananne ne: shayi da burodi da safe, shinkafa da wake ko ɗanwake da rana, da daddare in Allah ya hore a gangara wajen mai indomi, in bai hore ba garin kwaki na nan, bai taɓa guduwa ya bar kowa ba.

To, ranar Asabar ɗin da ta wuce mu huɗu daga ajinmu na digiri na biyu mun je mun ci. Tun da na ɗora hoton kwalin mutane ke ta tambaya. Wasu kuɗin suke son ji, wasu ko da daɗi, wani abokina daga Haɗeja kuma tambayarsa ɗaya ce: "Aikin NGO ka samu ba ka faɗa mana ba?" Ban samu ba. Wasu biyu kuma sun yi min wa'azi a akwatin saƙo kan almubazzaranci, zan zo kansu. Rubutun da ɗan tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye sai dare.

Ba zan kira sunan kowa ba, sun san kansu. Akwai wanda muke ce wa Dattijo, malamin sakandare ne daga Biu, 'ya'yansa biyar, babbar 'yarsa ta kusa shiga jami'ar da yake karatu. Akwai 'Yar Gwange, wadda duk ajin ya yarda ta fi mu ƙwaƙwalwa, ko da ba ma faɗa a gabanta. Akwai Oga, wanda ya samu wannan suna saboda shi kaɗai ne a cikinmu yake da albashi mai kauri, yana aikin tattara bayanai da wata ƙungiyar agaji. Sai ni.

Asalin maganar fizar ta faro ne daga ambaliyar 2024. Wanda ba ya garin nan a daren 9 ga Satumba 2024 zuwa wayewar garin Talata 10 ga wata, labari kawai yake ji. Madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Galtimari, ya shiga Monday Market, ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, har gidan zu na Sanda Kyarimi bai tsira ba. Manya suka ce rabon da a ga irin haka tun 1994. 'Yar Gwange sun fita da tsakar dare da kayan jikinsu, ita ce ta riƙo kakarta. A cikin abin da ruwa ya ci har da kwamfutarta da kwali guda na takardun tambayoyi da ta gama cikewa, sama da ɗari biyu, waɗanda ta shafe watanni tana bin masu noman rani a gefen Alau tana cikewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da take bincike a kansa shi ya biyo ta har ɗaki ya kwashe binciken. Mutanen da ta yi wa tambayoyin ma da yawansu sun watse, wasu gonakin babu su. Sai da ta sake fara aikin fili daga farko.

A lokacin ne, muna zaune a ƙarƙashin dalbejiya kusa da laburaren Ramat, ta ce ita fa ta haƙura da karatun nan, za ta koma ta taimaki mahaifiyarta da sana'ar turaren wuta. Oga ya ce mata: "Hajiya, ki daure ki ƙarasa. Ranar da kika yi difens, wallahi fiza zan saya wa kowa a nan, babba." Muka yi dariya, ita ma ta yi, karon farko tun bayan ruwan. Daga nan maganar ta zama abin tsokana. In ta kawo babi sufabaiza ya cika shi da jan biro, sai a ce fiza ta ƙara nisa. In ya sa hannu, a ce an fara jin ƙamshi.

Sai kuma duniya ta juya wa mai alkawarin. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ma aka rufe hukumar USAID ɗin gaba ɗaya. A Washinton sa hannu ne a takarda. A Maiduguri kuwa direbobi ne, da masu gadi, da masu dafa abinci, da ma'aikatan jinya, da irin su Oga, aka ce musu kwantiragi ya ƙare ba za a sabunta ba. Shi a watan Maris aka sallame shi. Bai taɓa zama ya yi mana ƙorafi ba, amma mun gani. Mutumin da in an shiga keke shi ke riga kowa miƙa kuɗi ya koma cewa zai taka da ƙafa don motsa jiki. Azumin Litinin da Alhamis ya fara haɗawa da Talata da Laraba. In an ce a je a ci abinci sai ya tuna yana da aiki a laburare.

Ranar Alhamis ta yi difens, ta kuma yi shi da kyau, gyaran da aka ba ta bai cika shafi biyu ba. Ita ba ta ɗaga maganar fiza ba, mu ma muka yi kamar mun manta. Da daddare sai ga saƙon Oga a guruf ɗinmu na WhatsApp: "Asabar bayan la'asar. Alkawari kaya ne." Minti biyar ba a yi ba Dattijo ya kira ni. Ya ce, "Malam, ka ga abin da yaron nan ya rubuta? Ko wayarsa zai sayar, ko bashi zai ci. In muka ce a fasa mun kunyata shi, in muka ce za mu biya mun fi kunyata shi." Na ce to Baba ya za a yi? Ya ce in bar masa.

Abin da Dattijo ya yi ya burge ni, shi ya sa ma nake wannan rubutun. Ashe malamin makaranta ba ya rabuwa da ɗan littafin aljihu. Tun shekarar farko yana rubuta duk abin da Oga ya biya mana: fotokwafin takardun darasi, ɗaurin semina, kuɗin keke zuwa wajen aikin fili, har katin data da ya taɓa tura mana lokacin jarrabawa. Ya haɗa lissafi ya raba uku, kowa ya kawo nasa. Ranar Juma'a bayan masallaci ya ja Oga gefe ya buɗe masa littafin, kwanan wata da adadi, ya ce, "Ƙanina, ni mutum ne mai iyali, ba na son in mutu da bashi. Ga kuɗinka." Oga ya ce shi ai ba bashi ya bayar ba. Dattijo ya ce shi kuma a matsayin bashi ya karɓa, kuma shi ne babba, magana ta ƙare. Oga ya san abin da ake yi, mu ma mun san ya sani. Ya karɓa ya sa a aljihu bai ƙirga ba.

Ranar Asabar muka haɗu a ƙofar makaranta muka tari keke. Baƙo ya sani, babu acaɓa a Maiduguri tun da aka hana a 2011, keke ne sarki. Muka bi titin Bama, muka ratsa Lagos Street muka haye gada, muka shiga ɓangaren GRA. Har yanzu in ka lura akwai katangun da ke ɗauke da layin da ruwan ambaliyar ya tsaya, wani ya kai kafaɗar mutum. 'Yar Gwange ba ta kalli wajen ba, wayarta take dannawa.

Shagon ƙarami ne, ba irin manyan kamfanonin da ake gani a Legas da Abuja ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba talla aka biya ni ba, kuma akwai abin da zan kushe. Tebur shida, na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya da ke iya ƙoƙarinta, talabijin a bango ana nuna ƙwallo babu sauti, janareto na ruri a baya. Takardar farashin ita ta fara ba ni labari kafin kowa ya yi magana: a kan kowane farashi an manna ƙaramar takarda, a kan ta an sake manna wata, wani wurin har hawa uku. Da za ka ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya da ka karanta tarihin naira tun daga cire tallafin fetur a Mayun 2023. A ranar da muka je, ƙarama 7,500 ce, matsakaiciya 10,500, babba 14,000. Dattijo ya gyara tabarau ya ce babba ɗaya kashi ɗaya cikin biyar ke nan na mafi ƙarancin albashi, tun da 70,000 ne a doka. Oga ya ce, "Baba, yau ba ranar lissafi ba ce." Dattijo ya rufe baki, amma na ga leɓensa na motsi.

Yarinyar da ke karɓar oda ta zo, Oga ya ce babba ɗaya mai naman tsire, matsakaiciya ɗaya Margarita, da lemo huɗu. Kafin ta juya Dattijo ya tsayar da ita. "'Yata, wannan fefaroni da na gani a rubuce, naman mene ne?" Tambayar tana kan hanya, domin a ƙasashen Turawa da naman alade ake haɗa shi. Ta ce na sa ne, Baba, ta ma je ta ɗauko ledar ta nuna masa tambarin halal. Ya karanta har ƙananan rubutun, ya ce to madalla, ko da yake ba shi muka yi oda ba.

An ce mana minti ashirin, mun yi arba'in. Wannan shi ne kushe na farko. Amma jiran ya yi min amfani, don ta wata 'yar taga ana hango mai gashin, na tashi na je na tsaya muna hira yana aiki. Saurayi ne da bai wuce sa'ana ba. Ya ce a kicin ɗin wani gidan saukar baƙi na ma'aikatan agaji ya koya, wajen wani kuku da ya yi aiki da Turawa, ya fara da wanke-wanke har aka sakar masa kwaɓi. Ina kallo ya ɗauko curin ƙulli ya danna shi da yatsu daga tsakiya zuwa gefe, ya ɗaga shi a bayan hannu yana juyawa har ya buɗe. Bai taɓa muciya ko kwalba ba. Ya ce tun jiya ya kwaɓa, fulawa da ruwa da gishiri da yis kaɗan, ya kwana a firij. In aka yi gaggawa aka zuba yis da yawa don ya tashi cikin awa ɗaya, burodi za a samu, ba fiza ba.

Na tambaye shi me ya fi ba su wahala, ina zaton zai ce fulawa. Ya ce cuku. Mozarela ba a yin ta a nan, daga Kano ko Abuja ake sako musu ita a cikin kula da ƙanƙara, ta yi tafiyar yini a mota, wani lokaci in direba ya makara a hanyar Damaturu ta kwana a can. In ta iso kuma dole firiza ta yi aiki dare da rana, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Kowa a nan ya tuna 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu a watan Janairu, aka gyara a Maris aka sake fasawa cikin 'yan kwanaki, garin ya shafe mafi yawan shekarar a duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023 ta rage zafi, amma duk mai firiza a Maiduguri har gobe da janareto ko sola yake kwana. Ya ce in ka sayi fiza a nan, kusan rabin kuɗinka cuku da sanyi ka saya. Abin ya tsaya min a rai. Jihar da ke cike da shanu, ga Shuwa ga Fulani, ga nono da man shanu a kowace kasuwa, amma cukun da za a barbaɗa a kan burodi sai ya yi tafiyar kusan kilomita 600. 'Yan uwanmu na Nijar suna da cukunsu busasshe da Buzaye ke yi, sai dai shi ba ya narkewa ya yi zare, ba aikinsa ba ke nan.

Da aka kawo, tare da wuƙa da cokali mai yatsu aka kawo. Muka kalli juna. 'Yar Gwange ta ɗauki wuƙa ta gwada, abin ya zame, ta ajiye ta ce ita da hannun da Allah ya ba ta za ta ci. Daidai ta yi. A birnin Nafoli na Italiya, inda abin ya samo asali, naɗe ta ake yi a riƙe a hannu a ci a tsaye a bakin titi, domin asalinta abincin talakawa ne da 'yan dako. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margarita wadda aka jera wa launin tutar ƙasar: jan tumatir, farin cuku, koren ganyen ɗoɗɗoya, aka sa mata sunanta. Masana tarihi da dama suna shakkar labarin, amma sunan ya zauna. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gashin fizar Nafoli a jerin al'adun duniya da ake karewa. Abincin 'yan dako ke nan, ya zagayo ta Amurka, ya sauka Legas da manyan kamfanoni irin su Domino's a 2012, ya iso Yerwa a matsayin abincin masu katin shaida a wuya.

Yanzu ga gaskiyar ɗanɗano, tun da shi aka fi tambaya. Mai naman tsiren ta yi. Gefenta ya tashi, ya yi ƙamshin gashi, ƙasanta bai jiƙe ba, naman da yajin ƙuli sosai, ga albasa da koren tattasai, cukun kuma yana jan zare kamar a talla. Wannan ko gobe aka kira ni zan je. Margaritar ce ba ta kai ba. Miyar tumatirin ta yi zaƙi kamar an sa sukari, ganyen busasshe ne aka barbaɗa, tsakiyar kuma ba ta gama gasuwa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tanderun Nafoli na itace yana haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi an gama, shi kuwa obin ɗin gas na shagon bai kusa nan ba, sai an daɗe, kuma fiza mara nama ba ta da inda za ta ɓoye aibinta. Wanda zai je, ya nemi mai nama ko mai kaza, ya ce a ƙara mata minti biyu, ya kuma tafi da haƙurin jira. Kada ya je da yunwar yini yana zaton yanka biyu za su riƙe shi kamar burabusko.

Dattijo ya ci yanka ɗaya a hankali, ya goge baki, ya ce, "Wannan ai bandashe ne ya je Turai ya dawo." Muka fashe da dariya har na teburin gefe suka juyo. Amma ku tsaya ku duba maganar. Gurasar Kano fulawa ce da yis, a manna ta a cikin tanderu mai zafi, a fito da ita a barbaɗa ƙuli da mai da albasa da tumatir, mai hali ya ɗora tsire. Bambancin cuku ne da kwali da na'urar sanyi. Kalmar gurasa ma daga Larabci muka aro ta, haka alkama. Mutanen ƙasar nan sun san alkama tun kafin Bature ya zo, ana noma ta a gefen kogin Yobe da fadamun ƙasar Hausa, ana yin alkaki da funkaso da taliya. Ba baƙuwarmu ba ce.

A nan ne abin ya taɓo karatuna, don ni a kan alkama nake rubutu, kuma a gidan manoman alkama na tashi a ƙasar Haɗeja. Na tambayi mai gashin ko ya taɓa gwada alkamar gida. Ya ce bai ma san inda ake samun garinta mai laushi ba, buhun kamfani kawai yake saya. Buhun kamfani kuwa kusan duk alkamar cikinsa ta jirgin ruwa ta shigo. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ta nuna abin da aka noma a Najeriya a 2021 bai kai tan 37,000 ba, alhali abin da ake shigowa da shi miliyoyin tan ne duk shekara. Shi ya sa in dala ta yi tari, burodin mai shayi a Mairi sai ya kama mura. Abin da ya fi ciwo shi ne a garin nan Cibiyar Binciken Tafkin Chadi take, wadda ita ke da alhakin binciken irin alkama na ƙasa baki ɗaya. A jihar nan kuma aka gina babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a Marte a ƙarshen shekarun 1970, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000, alkama da shinkafa. Tafkin ya ja baya ya bar magudanan a bushe, daga baya rikici ya kori manoman. Gwamnatin Babangida ta taɓa hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992. Duk wannan tarihin yana cikin yankan da ke hannuna, kuma har ga Allah bai hana ni cinyewa ba.

Sai masu wa'azin almubazzaranci. Ban raina maganarku ba. A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta sun ƙare, za ta dakatar da tallafin abinci ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Muna fitowa daga shagon yara uku suka taso da roba. Wanda ya ci abin 14,000 a garin nan bai ji komai a ransa ba, a duba lafiyar zuciyarsa. Amma ga abin da na gani da idona: awa biyu muka yi a wurin ranar Asabar da yamma, tebur biyu ne kawai ke da mutane, mu da wani mutum da matarsa da yara. Mai gashin ya ce a da ranar Asabar ba ya samun zama, oda daga ofisoshi da gidajen baƙi sai ya yi talatin, yanzu in ya yi goma ya gode Allah. Su bakwai ne ke aiki a da, saura huɗu. Sa hannun da ya sallami Oga shi ne ya sallami mutum ukun nan, kuma shi ne ya rage abincin da ake rabawa a sansani. Da mun fasa zuwa, kuɗin ba sansani za su tafi ba, fotokwafi za su koma. Kuma wanda ya san garin nan a shekarun dokar hana fita, lokacin da magariba ke yi kowa na ɗaki yana sauraren ƙara, ya san darajar a ce mutum huɗu sun zauna a waje har bayan isha'i suna gardamar ko fiza gurasa ce. Ba na cewa kowa ya je. Sau ɗaya muka je a shekara uku, da dalili.

Da aka kawo takardar kuɗi Oga ya miƙa hannu ya ɗauka kafin kowa ya motsa, kamar yadda yake yi a da. Ya tashi ya je kanta ya biya, ya bar wa yarinyar canjin. Babu wanda ya ce a raba, babu wanda ya yi godiya fiye da kima. 'Yar Gwange dai ta ce, "Oga, an cika alkawari, Allah ya mayar da ninki." Ya ce amin, ya ce saura na ranar da za a ba ta aikin koyarwa. Ta ce wannan ita za ta saya, kuma denderu ne a gidansu, ba burodin Turawa ba.

Yanka uku suka rage, Dattijo ya sa aka saka masa a kwali ya kai wa yara. Rahoton da ya kawo ranar Litinin shi ne sun tsince naman da cukun sun bar masa burodin, uwargida kuma ta ɗanɗana ta tambayi kuɗin, ya ce mata kyauta aka ba shi, wanda in aka bi ta wani ɓangaren ba ƙarya ya yi ba.

Ni kuma mun yi magana da mai gashin kafin mu fito. Yanzu ake shirin shukar alkama a wajenmu, girbi sai wajen Maris. Na ce in Allah ya kai mu zan taho masa da tiya biyar daga gonar gidanmu, a niƙa a tankaɗe, ya gwada ko da rabi da rabi ne da ta kamfani. Ya ce ƙullin zai iya yin nauyi, launin ma zai yi duhu, bai san ko masu saye za su so ba, amma zai gwada ranar da babu ciniki. Na karɓi lambarsa. Duk wanda ya san inda ake niƙa alkama ta yi laushi sosai a cikin Maiduguri, ba irin niƙan tuwo ba, don Allah ya yi min magana.